ZARI-RUGA TA 'YAN 13: SHEKARA 130 ANA NEMA MATA TAKARDAR SHAIDA

A ranar 29 ga watan Agusta na shekarar 1895, wakilan waɗansu kulob-kulob na ƙwallon zari-ruga suka taru a wani masauki a garin Huddersfield da ke arewacin Ingila, suka yanke shawarar ɓallewa daga uwar ƙungiyarsu da ke London. Kulob 22 ne suka kafa sabuwar ƙungiyar. Daga wannan taro ne aka sami wasan da Turawa ke kira Ragbi Lig, watau zari-ruga ta 'yan 13, wadda har yanzu masu ita ke fafutukar ganin hukumomin wasanni na duniya sun karɓe ta a matsayin wasa mai zaman kansa.

Abin da ya haddasa rabuwar kuwa, kuɗi ne. 'Yan wasan arewacin Ingila yawancinsu leburori ne, masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa, waɗanda in sun bar aiki ran Asabar don su yi wasa sai a yanke musu lada. Kulob-kulob ɗinsu suka nemi izinin biyansu diyyar wannan asara. Manyan London kuwa, waɗanda 'ya'yan masu hali ne da suka fito daga makarantun gata, suka ce faufau, wai duk wanda ya karɓi ko kwabo don wasa ya zubar da martabar wasan. A shekarar 1893 aka jefa ƙuri'a, 'yan arewa suka sha kaye. Da suka ɓalle, sai suka tsai da sule shida a matsayin abin da za a ba ɗan wasa in ya rasa aikin yini. A kan sule shida ke nan aka raba gari.

Sannu a hankali dokokin suka bambanta. A 1906 aka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13 a kowane ɓangare. A tsarin yanzu, in aka kayar da mai riƙe da ƙwallo, sai a sake shi ya tashi ya tura ta baya da ƙafa ga ɗan'uwansa, in kuwa aka kayar da su sau shida ba su ci ba, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya dire ƙwallo bayan layi yana da maki 4, alhali a wasan 'yan 15 maki 5 ne. Wanda ya saba kallon kokawa ba zai sha wuyar gane daɗin abin ba, domin kamu ne da kayarwa da gudu, ba kama hannun yaro, har minti 80.

To, ina ruwan wasa da takardar shaida? Mai karatu zai iya cewa ai yara ba su neman izinin kowa kafin su yi langa a dandali. Haka ne. Amma da zarar wasa ya wuce dandali, sai ya shiga hannun hukuma. Gwamnatoci da yawa ba su ba ƙungiyar wasa kuɗi, ko filin wasa, ko gurbi a makarantu, sai sun ga sunanta a jerin waɗanda manyan hukumomin duniya suka yarda da su. Su kuma manyan hukumomin ba su karɓar wasa sai sun ga ƙasashe da dama sun riga sun yarda da shi a gida. Kowa na jiran kowa. A cikin wannan tsaka mai wuya zari-ruga ta 'yan 13 ta daɗe, ga kuma yayarta ta 'yan 15, wadda ta riga ta shiga ko'ina, tana cewa zari-ruga ɗaya ce a duniya, kuma ita ce.

Ba a taɓa yi wa wasan nan ɗanyen aiki irin wanda aka yi masa a Faransa ba. An kai shi can a 1934, kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke kuwa ya riga ya sami kulob sama da 200, yana neman shafe na 'yan 15. Da Jamus ta ci Faransa da yaƙi, gwamnatin Vichy ta Marshal Petain ta fitar da doka a watan Disamba na 1941, ta rushe ƙungiyar wasan, ta ƙwace dukiyarta. Bayan yaƙi an dawo da wasan, amma ba a mayar da dukiyar ba, sa'an nan aka hana shi amsa sunan zari-ruga sam, sai dai a ce da shi "wasan 'yan 13". Sai a 1993 kotu ta mayar masa da sunansa. Mutanen Suleja da Gauraka sun san nauyin suna, tun da garin da Abu Ja ya kafa ya bar wa sabon babban birnin ƙasa sunan Abuja, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Sai dai su kyauta suka yi, waɗancan kuwa ƙwace aka yi musu. Duk da haka Faransawan nan ne suka shirya gasar cin kofin duniya ta farko a 1954, shekara 33 kafin 'yan 15 su yi tasu a 1987. A Ingila ma, inda aka haifi wasan, sai a 1994 aka yarda sojoji su yi shi a hukumance.

Kada a ɗauka wannan duk tsohon labari ne. A watan Mayu na 2015 an kama wani ɗan Labanan mai suna Sol Mokdad a Dubai, aka tsare shi kusan mako biyu, bayan ƙungiyar 'yan 15 ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kai ƙara cewa yana gudanar da zari-ruga ba da izininta ba. A ƙasar Girka kuma, rikicin shugabanci ya sa gwamnati ta ƙi amincewa da ƙungiyar da hukumar wasan ta duniya ta sani, har ya kai 'yan wasa suna yin gasa a ɓoye cikin dare don gudun 'yan sanda. A haka suka sami gurbin zuwa gasar cin kofin duniya a 2019, gwamnatinsu kuwa ba ta ba su takarda ba sai a watan Agusta na 2022, ana saura 'yan watanni a fara gasar a Ingila.

Hukumar wasan ta duniya, wadda asalinta ke komawa ga wani taro da aka yi a Bordeaux a 1948, ta ɗan ga haske a watan Janairu na 2018, lokacin da GAISF, watau gamayyar hukumomin wasanni ta duniya, ta ba ta matsayin 'yar kallo. Kujera ce ta bakin ƙofa, amma dai an shiga zaure. Kafin a kai ga cikakken wakilci, sai ita GAISF ɗin ta jefa ƙuri'ar rushe kanta a watan Nuwamba na 2022. Ita kuwa ta 'yan 15 tuni ta koma wasannin Olamfik a Rio a 2016 da samfurinta na 'yan 7. Masu Ragbi Lig yanzu sun zuba ido ga birnin Brisbane na Ostareliya, wanda zai karɓi Olamfik a 2032, domin a can jihar wasansu ne sarki.

A nan gida, an kafa ƙungiyar wasan ta Nijeriya a 2018, cikin waɗanda suka tsaya mata kuwa har da Ade Adebisi, wanda ya yi wasan a Ingila duk da yana fama da ciwon sikila. Ba a yi shekara biyu ba sai ga Nijeriya ta karɓi gasar ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya a Legas a watan Oktoba na 2019, ta lallasa Maroko da ci 38 da 10 a wasan ƙarshe. A 2022 ta sake ɗaukar kofin a Accra, inda ta ci Ghana 30 da 4. 'Yan matanmu ma ba a bar su a baya ba: a watan Oktoba na 2025 sun je Kanada neman gurbin gasar duniya, suka doke Ireland, kafin Fiji ta tare musu hanya a wasan ƙarshe. Tun kafin wannan duka, wani ɗan asalin Nijeriya haifaffen London, Martin Offiah, ya dire ƙwallo sau 501 a rayuwarsa ta wasa, kulob ɗin Wigan ya saye shi fam 440,000 a 1992, yanzu haka kuma siffarsa na cikin mutum-mutumin da aka kafa a filin Wembley. Mutum nawa ne a Kano ko Minna suka taɓa jin sunansa?

Arewa ba baƙuwar zari-ruga ba ce. Kulob ɗin Barewa na Kano ya daɗe yana fitar da 'yan wasan 'yan 15, Zariya ma haka. Abin tsoro shi ne a shigo mana da gabar da aka yi a Huddersfield, alhali 'yan wasan da muke da su ba su kai a raba su gida biyu ba. Saurayin da ya yi wasan 'yan 15 ran Asabar, ba abin da zai hana shi yin na 'yan 13 wata Asabar ɗin, tun da su kansu 'yan 15 sun halatta biyan kuɗi tun 1995, watau dalilin faɗan ma ya mutu.

A ganina, Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka farfaɗo da ita a watan Oktoba na 2024 ƙarƙashin Malam Shehu Dikko, ba ta da dalilin jiran wani ofishi a Turai kafin ta buɗe wa wasan nan ƙofar makarantu da ta gasar wasanni ta ƙasa da aka fara tun 1973. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar ba su nemi sa hannun kowa ba da suka fara gasar kokawa ta takobi a Tahoua a 1975, ga shi yau ƙasar kan tsaya cak in an shiga fage. Abin da malamin wasanni na wata sakandare a Gauraka ko Suleja ke bukata bai wuce ƙwallo biyu, da fili mai ciyawa, da wanda zai koya masa yadda ake kamu ba tare da an karya yara ba. Ciyawar ce ma mai wuya, domin filayen makarantunmu da rani tsakuwa ce zalla, kuma ba uban da zai yarda a riƙa buga ɗansa da ƙasa a kanta har sau shida.