Idan injin mota ya ɗauki zafi: yadda ake gano dalili da yadda ake gyara

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da wuya mutum ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 bai ga mota a gefen titi an ɗaga mata kai tana fitar da tururi ba. Matsalar takan fara ne da ƙaramin abu, amma idan direba ya yi sakaci, tana iya cinye injin baki ɗaya.

Yadda inji ke sanyaya kansa

Inji na aiki daidai ne idan zafinsa na wajen digiri 90. Famfon ruwa na tura ruwa ya zagaya cikin injin, ya kwaso zafi, ya kai shi radiyata, wadda a Najeriya ake ce wa lagireto. A nan iskar tafiya da ta fanka ke sanyaya ruwan kafin ya koma. Tsakanin inji da radiyata akwai wata ƴar ƙofa mai suna tarmosta, wadda ke buɗewa idan ruwan ya kai tsakanin digiri 80 zuwa 90. Murfin radiyata shi ma yana da nasa aiki: yana riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, har sai ya kusan kai 120. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, allurar zafi za ta fara hawa.

Abin da za a yi a kan hanya

Da zarar allura ta doshi ja, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a nemi wurin da ba haɗari a tsaya, a kashe mota. Idan sai an ɗan matsa gaba kafin a samu wurin tsayawa, kunna na'urar ɗumama ɗaki har ƙarshe na taimakawa, domin tana janye wani kaso na zafin injin.

Kada a buɗe murfin radiyata nan take. Ruwan da ke ciki ya wuce zafin tafasa, kuma da an saki murfin zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. A jira aƙalla minti 30, a sa tsumma mai kauri, a murɗa a hankali. Haka kuma kada a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi. Kan injin yawancin motocin yau da alminiyom aka yi shi, kuma sanyi na farat ɗaya na iya tsaga shi ko ya lanƙwasa shi.

Gano inda matsalar take

Abu na farko shi ne a duba ruwa. Idan ya ragu, to akwai inda yake fita. A duba robobin ruwa da wuraren da aka ɗaure su, da jikin radiyata, da ƙarƙashin famfo. Busasshen tabo fari ko kore alama ce ta yoyo. A duba robar da ke cikin murfin, domin murfin da ya gaji na barin ruwa ya tafasa da wuri.

Idan ruwa na nan a cike, lokacin da zafin ke tashi shi zai nuna hanya. Motar da ke zafi cikin cunkoson gari amma ta huce idan ta hau babban titi, galibi fankarta ce ba ta juyawa. Sai a duba fis, wayoyi da na'urar da ke tayar da fankar. Wadda kuma ke zafi a doguwar tafiya ko da kaya mai nauyi, yawanci radiyatarta ce ta toshe. Daga waje ƙurar hunturu, ciyawa, ƙwari da leda ke rufe ta. Daga ciki kuwa tsatsa ce da dattin ruwa.

Idan inji ya yi zafi amma babbar robar da ke kai ruwa radiyata ba ta ɗumama ba, tarmosta ce ta maƙale a rufe. Idan kuma ana jin ƙara daga wajen famfo, ko bel ɗin da ke juya shi ya saki ko ya tsinke, ruwan ba ya zagayawa. A auna baƙin mai ma, domin ƙarancinsa na ƙara wa inji zafi.

Alamun da suka fi tsanani su ne farin hayaƙi mai yawa daga salansa, baƙin mai da ya koma kamar madara, kumfa na tasowa a ruwa, ko ruwa na ƙarewa ba tare da an ga yoyo ba. Waɗannan na nuna shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ta ƙone. A nan ba batun ci gaba da tafiya, sai a ja motar zuwa garaji. Ƙwararren makanike zai auna kan injin ya tabbatar bai lanƙwashe ba kafin ya sa sabuwar shimfiɗa, in ba haka ba za ta sake ƙonewa.

Kurakuran da aka saba yi

Da yawa na cire tarmosta su yar, da hujjar cewa ƙasarmu ba ta sanyi. Wannan ba ya warkar da radiyatar da ta toshe ko fankar da ta mutu, sai dai ya sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai. Tarmostar da ta lalace canza ta ake yi.

Kuskure na biyu shi ne dogaro da ruwan rijiya ko na famfo. Yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa cikin ƙananan bututun radiyata. Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a gidajen mai yana hana tsatsa, kuma ya fi jure zafi. Sai dai guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, don haka a ajiye shi nesa da yara da dabbobi. Ruwan yau da kullum na gaggawa ne kawai, a canza shi idan an isa gari.

Kafin doguwar tafiya, misali daga Yamai zuwa Maraɗi mai nisan sama da kilomita 600, a duba ruwa da mai da safe tun inji na sanyi, a wanke fuskar radiyata, a tabbatar fanka na tashi, sannan a ɗauki jarkar ruwa. Minti goma na wannan dubawa ya fi kwana a daji tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni ana jiran mai jan mota.