Tsamiya da Gyaɗa a Kwanon Baƙi

Da hutun makaranta muka tashi daga Bagwai, mu da uwargida, muka ziyarci ɗanmu a Legas. Ran nan ya kai mu gidan abincin mutanen Tailan da Biyetnam. Muka zauna a ɗarare, uwargida tana raɗa mana, "Malam, anya za mu iya ci?"

Aka kawo Pad Thai, wato taliyar shinkafa da aka soya da ƙwai. Da muka ɗanɗana sai muka ji tsamiya, da dakakkiyar gyaɗa, da barkono, da lemun tsami. Ashe kayan gida ne! Na Biyetnam kuwa, Pho, romon ƙashin saniya ne da taliyar shinkafa da ganye. Ruwan kifin da suke tsimawa da gishiri shi ne daddawarsu. Cin abinci da tsinke biyu ya gagare mu, muka roƙi cokali.

Kuɗin da yaron ya biya ya isa cefanen gidanmu na mako guda. Wannan ya sa mu tunani. Ƙasashen nan biyu suna cikin manyan masu sayar wa duniya shinkafa. Mu ma muna da ita, gama madatsar ruwa ta Watari, wadda aka gama a 1980, tana shayar da gonakinmu har da rani. Amma su sukan sarrafa tasu ta yi daraja, mu kuwa mukan sayar da tamu shanshera tun a bakin gona, domin bashi.

'Yan'uwa, bana mu rage buhu ɗaya a gida. Uwargida ta riga ta jiƙa tsamiya, za ta gwada wa Zumuntar Mata.