Ruwan Da Sabulu Ba Ya Kumfa A Cikinsa

A wasu garuruwa na ƙasar Rano da Kibiya, mata sukan yi kuka da ruwan wata rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa. Sabulu ba ya kumfa, wake ya daɗe bisa wuta bai nuna ba, ga wani farin ɓawo da ke kama gindin buta. Wasu suna kiransa ruwan zartsi.

Dalilin haka shi ne, ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yakan narkar da sinadaran da ke jikin duwatsu, musamman kalsiyam da magnisiyam, dangin farar ƙasa. Su ne ke kama sabulu su mai da shi dauɗa mai yauƙi. Shi ya sa za ka ga rijiya biyu a unguwa ɗaya, wannan da daɗi, waccan babu, domin kowace da irin dutsen da ta ratsa. Da rani abin yakan tsananta. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta shekarar 2007 ta sa iyakar waɗannan sinadarai a miligiram 150 cikin kowace lita.

Abin da ya kamata jama'a su fara sani shi ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta samu wata cuta da shan irin wannan ruwa ke jawowa ba. Haɗarin yana wajen masu barin famfo saboda ɗanɗano, su koma kududdufi. Gaskiya ne tun 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu, amma amai da gudawa da zazzaɓin taifot suna nan. Ruwan kududdufi yana kumfa sosai, sai dai kumfa ba ita ce tsabta ba.

Domin wanki, maganin yana cikin gida. A jiƙa 'yar kanwa a zuba cikin bokitin ruwa tun da dare. Kanwa takan kama sinadaran ta kwantar da su a ƙasa. Da safe sai a tsiyaye na sama a yi wanki. Ruwan toka da aka tace shi ma yana wannan aiki. Amma wannan na wanki ne kurum, kada a zuba kanwa a randar sha. Garin omo kuma ya fi sabulun sanda jure irin wannan ruwa. Alif kuwa, wanda mutane da yawa ke dogara da shi, laka yake kwantarwa, ba ya taɓa zartsi.

Tafasawa tana rage wani kashi, shi ne ɓawon nan da ake gani a buta, saura kuma yana nan. A bar ruwan ya huce, a tace da farin ƙyalle. Butar da ta yi ɓawo tana cin itace, saboda haka a matse lemun tsami ko a jiƙa tsamiya a tafasa a ciki, sannan a ɗauraye.

Da damina, mai rufin kwano ya tari ruwan sama, domin ba shi da waɗannan sinadarai. A bar zubin farko ya wanke rufin. Idan kuwa ruwan famfo ya sauya launi ko ya yi wari, wannan wata matsala ce dabam. Sai kwamitin famfo ya kai rahoto sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ko hukumar RUWASA ta Jihar Kano, a zo a auna shi.