BAƘAƘE MASU LANƘWASA DA YADDA AKE TSARE SU A KWAMFUTA

Akawu yakan buga takarda a ofis a Dapchi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bursari ta Jihar Yobe, ya duba ya ga kome daidai. Amma da an kai takardar shagon buga takardu a Gashuwa ko Nguru, aka buɗe ta a wata kwamfuta, sai a tarar ɓ da ɗ da ƙ sun ɓace, wasu 'yan akwatuna sun tsaya a gurbinsu. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin ƙasa daban take da kasa, ƙara kuma daban take da kara. Takardar gona ko ta kotu wadda aka zubar wa lanƙwasa tana iya jawo gardama. Tun cikin shekarun 1930 aka shigar da waɗannan baƙaƙe cikin rubutun boko, saboda haka wajibi ne a kiyaye su.

Dalilin ɓacewarsu

Kwamfuta tana ajiye kowane harafi a matsayin lamba. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya ba kowane harafi lambarsa. Surar da ido ke gani kuwa tana fitowa daga samfurin haruffa, watau irin su Arial da Times New Roman. Idan samfurin da aka zaɓa ba shi da surar ƙ, kwamfuta takan aro ta daga wani samfuri, harafin ya fito bare a cikin 'yan'uwansa, ko kuwa ta nuna akwati. Galibi lambar tana nan cikin takardar, surarta kaɗai ta ɓace.

Hakanan idan aka yi rubutu da samfurin da babu shi a kwamfuta ta biyu, sai ta musanya shi da wani. A nan ne layuka kan goce, shafi ɗaya ya koma biyu.

Akwai kuma tsofaffin samfura na gabanin yaɗuwar Unicode, waɗanda suka ɗora surar ƙ ko ɗ a kan lambar wata alama dabam. Da zarar an rasa irin wannan samfuri, alamar ta asali ce za ta bayyana a tsakiyar kalma.

Abin da ya kamata a yi

1. In an ga akwatuna, a zaɓe rubutun duka, a juya shi zuwa samfuri mai cikakkun baƙaƙe. Charis SIL da Andika da Noto Sans duka suna da su, kyauta kuma ake samunsu a intanet.

2. In baƙin alamomi aka gani maimakon akwatuna, tsohon samfuri ne. Sai a yi amfani da umarnin nema da musanyawa, a maye kowace alama da harafinta na gaskiya, sa'an nan a karanta takardar daga farko har ƙarshe.

3. Domin shigar da harafi a Microsoft Word, a rubuta U+ da lambarsa, sa'an nan a danna Alt da X tare. Lambobin su ne: ɓ 0253, Ɓ 0181, ɗ 0257, Ɗ 018A, ƙ 0199, Ƙ 0198. A Jamhuriyar Nijar, inda ake rubuta ƴ a madadin 'y, lambarsa 01B4 ce, babbansa kuma 01B3. Wanda aikinsa ya yawaita gwamma ya ɗora allon rubutu na Hausa da ke cikin Windows.

4. Kafin takarda ta bar ofis, a mai da ita PDF, domin shi yakan tafi da surar haruffansa. In kuwa za a ci gaba da gyara ta a can, akwai wurin da Word ke ba da damar cusa samfurin cikin takardar a sashen ajiya, muddin masu samfurin sun halatta haka.

5. A buga shafi ɗaya na gwaji, a duba sunayen mutane da na garuruwa, kafin a buga sauran.

Sauran harsuna

Arewacin Yobe ƙasa ce ta harsuna da yawa. Fulatanci yana amfani da ɓ da ɗ da ŋ, Barbarci kuma yana da ǝ. Dokar duka ɗaya ce: a shigar da harafi da lambarsa ta gaskiya, a zaɓi samfurin da ke ɗauke da shi.

Ana kira ga akawuna da malaman makaranta, da ɗalibai irin na Jami'ar Tarayya ta Gashuwa wadda aka kafa a 2013, da masu shagunan buga takardu, kada su share lanƙwasa don neman sauƙi. Gyaran minti biyar ya fi a sake buga takarda ɗari.