Kiyaye Hoton Mutum Sa'ad da A ke Gyaran Fom a Intanet

Takardu da yawa na shaida, da na makaranta, da na neman aiki, yanzu a intanet a ke cika su, talakawan ƙasar Argungu kuwa su kan kawo irin wannan bukata wurin magatakardan hakimai. Akwai wani abu guda da ya kan ruɗe malamai in an zo gyara. Mutum ya riga ya cika fom, an ɗora hotonsa, sa'an nan a ga kuskure a sunan ubansa ko na garinsu. Da an buɗe fom ɗin sai suna da shekaru da gari su fito yadda aka rubuta su, amma gurbin hoto ya fito wayam.

Hoton bai ɓata ba. Yana ajiye a babbar kwamfutar ofishin da ke da fom ɗin, kamar hoton da aka maƙala a jikin fayil. Da gangan aka hana gurbin cika kansa. A shekarar 1995 ne aka tsara hanyar aika hoto ko takarda ta cikin fom, kuma tun sa'an nan masu tsarin suka gargaɗi cewa kada a aika kome sai abin da mai na'ura ya zaɓa da kansa. Dalili kuwa shi ne, da shafi zai iya cika gurbin nan da kansa, da ɓarawo ya shirya shafin da zai kwashe takardun mutane ba da saninsu ba. Saboda haka Chrome da Firefox da sauran irinsu duka su kan bar shi a buɗe.

To, fom ɗin da aka gina da kyau, in ba a zaɓi sabon hoto ba, sai ya riƙe na da, wani ma ya kan nuna shi ƙarami a gefe. Nan magatakarda ba shi da aiki sai ya gyara rubutu, ya bar gurbin yadda ya same shi. In akwai ɗan akwatin share hoto, kada hannunsa ya kai can.

Amma ba kowane fom ne haka ba. Wani ya kan ɗauki gurbin da ba kome a matsayin umurnin a cire hoton. Wani kuma ba ya yarda a adana gyara sai an sāke ɗora hoto, kuma a nan ne ɓarna ta fi aukuwa, gama malami mai gaggawa ya kan ɗauko hoto daga cikin ɗaruruwan da ke wayarsa, waɗanda ba su da suna sai lamba. Ta haka manomi zai taso daga Kamba ko Kangiwa, ya kashe kuɗin mota har Birnin Kebbi, a tarar fuskar wani ce a takardarsa, a komo da shi.

Ya kamata hakimi ya sa magatakardansa ya riƙa ajiye kwafin kowane hoto da sunan mai shi da na ƙauyensa, in mai shi ya yarda. In fom baƙo ne, a fara gwada gyaran mutum ɗaya, a adana, a sāke buɗewa a duba fuskar tun mai ita yana zaune, kafin a taɓa na saura.