Gyaran Rikoda: Matakin Farko na Ceto Muryoyin da ke Cikin Kaset

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa da tsohuwar zuma ake magani. A gidaje da dama a unguwar Bagadaza da sauran unguwannin Gombe, akwai kwalaye cike da kaset-kaset na wa'azi da wasan kwaikwayo da waƙoƙin su Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Ga ɗalibin harshe, wannan taska ce. Sai dai ba ta buɗuwa sai da lafiyayyar rikoda. Wannan maƙala za ta duba cututtukan rikoda da yadda ake maganinsu.

Yadda Take Aiki

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963. Zarensa yana tafiya santimita 4.76 a kowace daƙiƙa. Ƙaramin inji ne ke juya bel na roba, bel ya juya wani siririn ƙarfe, ita kuma 'yar tayar roba ta matse zaren a jikin ƙarfen, su ja shi tare. Zaren yana goga wani ƙarfe mai santsi da masu gyara ke kira hed, wanda shi ne ke karanto sauti.

Cututtuka da Magani

Na farko, dushewar murya. Ƙurar hunturu da burbushin zare kan taru a kan hed, sai siraran sautuka su ɓace. Daga nan mai fito da magana a rubuce ya kasa bambance s da sh da ts. Maganin shi ne a jiƙa auduga da sipirit a goge hed a hankali, a bari ya bushe. Kada a kusanto da fetur ko kananzir, domin suna cin roba. In har murya ba ta washe ba, hed ne ya karkace, kuma akwai ɗan sukuru a gefensa da ake murzawa kaɗan-kaɗan ana saurare.

Na biyu, rawar murya ko jan ta. Wannan aikin bel ne, domin zafin bazara da daɗewa kan sa ya saki, wani lokaci ma ya narke ya zama kamar kwalta. Illar ba ƙarama ba ce. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, in gudun zare ya sauya, sai mai nazari ya ɗora hukunci a kan abin da mawaƙi bai furta ba. Sai a kankare tsohon bel, a sa sabo daidai girmansa.

Na uku, cin kaset, wanda shi ne mafi muni. Idan tayar roba ta ƙandare ko ta yi datti, ko kuma ɓangaren da ke naɗe zare ya tsaya, sai zaren ya cukuikuye a ciki. A kashe rikoda nan take, a zaro shi sannu a hankali, a naɗe da biro.

Abin da ya shafi wayoyin lantarki kuwa, a cire soket, a kai wa mai gyaran rediyo.

Kammalawa

Rikoda in ta lalace ana samun wata, amma kaset ɗin da shi kaɗai ya rage ba shi da madadi. Saboda haka a fara gwaji da kaset marar muhimmanci. A ɓalle 'yan kunnuwan da ke saman mai muhimmancin don kada a ɗauki wata magana a kansa bisa kuskure, a nisanta shi da rana da lasifika mai maganaɗisu. Da zarar murya ta fito tangaran, a juye ta cikin kwamfuta, a rubuta sunan mai maganar da wurin da aka samo kaset ɗin.