Balan-balan Ɗin Ɗalibai: Abin da Ya Kamata Uwa Ta Sani

 

Maganarmu ta yau ta samo asali ne daga wata baiwar Allah da ta aiko mana da tambaya daga Mada. Ta ce ɗiyarta da ke sakandare ta dawo gida tana ba ta labarin wai a wasu ƙasashe ɗalibai kan ɗaura kyamara a jikin balan-balan su sake shi, ya hau sama har ya wuce inda jirgi ke bi, ya ɗauko hoton duniya ya dawo. Yarinyar ta ce su ma suna son malaminsu ya shirya musu irin wannan. Ita kuma uwar tana tambaya, shin gaskiya ne ko tatsuniya, kuma idan gaskiya ne, abu ne da za ta bari ɗiyarta ta shiga?

To 'yar uwa, gaskiya ɗiyarki ta faɗa miki. A Fabrairun 2009 wasu ɗalibai huɗu na wata sakandare a garin La Bisbal na ƙasar Sifen, tare da malaminsu, sun tura irin wannan balan-balan ya kai wajen kilomita 30 a sama. A Satumbar shekarar kuma ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka suka yi nasu da kuɗin da bai wuce dala 150 ba. Kayansu ƙaramar kyamara ce da wayar salula da 'yar kula ta farin soso, irin sosan nan da ake kewaye sabon talabijin da shi a cikin kwali. Kun ga ke nan abin bai fi ƙarfin talaka ba sosai.

Kuma ba a ƙasar Turawa kaɗai ake sakin irin wannan balan-balan ba. Masu hasashen yanayi a ɗaruruwan tashoshi a duniya suna sakin nasu sau biyu kullum, a lokacin da ya yi daidai da ƙarfe 1 na dare da ƙarfe 1 na rana agogon Nijeriya, kowanne ɗauke da 'yar na'ura mai auna zafi da laima da ƙarfin iska. Irin waɗannan bayanai ne hukumomi kamar NiMet tamu ta Nijeriya ke dogara da su wajen gaya wa matuƙa jirgi da manoma halin da sama take ciki. A daminar 2006 ma, masana daga Faransa da Amurka sun saki manyan balan-balan daga Damagaram, nan maƙwabtanmu a Nijar, suka tsaya a wajen kilomita 20 a sama, iska ta kwashe su ta yi yamma da su har kan tekun Atilantika. Ku riƙe wannan magana ta yamma, za mu dawo kanta.

Bari in ɗan bayyana yadda abin yake, don ke uwa ki iya zama da ɗiyarki ku tattauna. Balan-balan ɗin na roba ne kamar na yara ranar sallah, sai dai babba ne, idan an hura shi faɗinsa kan kai kusan mita 2. Ana cika shi da wata iska wadda ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi, shi ya sa yake tashi, kamar yadda ƙwarya ke tasowa idan kin danna ta cikin randa. A ƙasansa ana ɗaura 'yar lema ta sauka, a ƙasan lemar kuma akwatin kayan aiki. Yana hawa kimanin mita 5 a kowace daƙiƙa, don haka cikin awa ɗaya da rabi ko ɗan fiye ya kai kilomita 30. Jirgin da ke kai alhazai Makka a tsakanin kilomita 10 zuwa 12 yake tafiya, to ku kwatanta. Daga can, idan sama ta yi garau, ido na iya kaiwa nisan kilomita 600 ta kowace fuska, wato ya wuce Sakkwato, ya wuce Kano, ya wuce Maraɗi. Sama ta koma baƙa ƙirin da rana tsaka, ana ganin gefen ƙasa ya ɗan lanƙwasa. Amma fa bai kai sararin samaniya ba, domin iyakar wannan sai an kai kilomita 100.

Me ke dawo da shi? Yadda ake ƙara hawa, haka iska ke ƙara raguwa. A kilomita 30 nauyin iskar da ke danne abu kimanin kashi 1 cikin 100 ne na wanda muke ciki a ƙasa. Tunda babu abin da ke matse shi daga waje, sai iskar cikinsa ta yi ta buɗewa, ya yi ta kumbura har faɗinsa ya kai na ɗaki ko ya fi, sai ya fashe. Daga nan lema ta buɗe, akwati ya kamo hanyar ƙasa. Duka tafiyar, hawa da sauka, awa biyu zuwa uku ce.

Wato dai komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. A nan ne aikin yake, 'yan uwana, domin sakin balan-balan minti guda ne, shirinsa kuwa watanni ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na farko shi ne izini. Sama tana da masu ita kamar yadda titi ke da masu shi. Hukumar NCAA ita ke kula da dokokin sufurin sama a ƙasar nan, hukumar NAMA kuma ita ke lura da hanyoyin jirage, ita ke fitar da sanarwa ga matuƙa cewa ran kaza da ƙarfe kaza akwai abu a wuri kaza. A ƙa'idar duniya, kayan da nauyinsu bai kai kilo 4 ba su ake ɗauka marasa nauyi, ɗalibai kuma sukan tsaya a kilo 1 ko ƙasa da haka. Mu nan Zamfara akwai ƙarin magana. Ba mu manta ba, bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin jihar nan a watan Maris na shekarar. A jihar da ta ga irin wannan, duk abin da ya tashi sama ɗauke da kyamara ba tare da sanin jami'an tsaro ba, ya jawo wa malami da yara fitina. Ko Amurka da girmanta, a Fabrairun 2023 sai da ta tayar da jirgin yaƙi ya harbo wani balan-balan na ƙasar Sin. Don haka tambayarki ta farko ga makaranta ita ce: ina takardar izini? Idan babu, to babu tafiya.

Na biyu, iskar da za a hura. Iri biyu ce. Akwai hiliyam, ba ta kama wuta, amma tana da tsada. Akwai haidurojin, tana da araha, amma ƙyastu ɗaya ya isa ta tashi da mutane. Wasu masu sayar da balan-balan na sallah kan haɗa irin wannan iska da kansu a cikin tukunyar ƙarfe, kuma wannan ganganci ne. Kada ki yarda a ce yara su haɗa ta a gida ko a makaranta don a rage kuɗi. Aikin ɗalibai, hiliyam ake nema daga masu sayar da ita a tukunyarta, babba kuma shi zai riƙe makunnin.

Na uku, akwatin. Mu da muke kukan zafin bazara za mu yi mamakin jin cewa a samanmu, wajen kilomita 16 zuwa 17, sanyi kan kai digiri 75 ƙasa da sifili, har ya wuce. Firizar da ake daskarar da ƙanƙara digiri 18 ce kawai ƙasa da sifili. A irin wannan sanyi batir na yau da kullum mutuwa yake yi, shi ya sa ake amfani da na litiyam, a kuma rufe kayan cikin farin soso yadda kula ke riƙe ɗumin tuwo. A nan yara za su iya gwaji tun a gida: su sa akwatin a firiza na wasu awoyi su ga ko kyamara za ta ci gaba da aiki, su sako shi daga saman bene su ga ko lema za ta buɗe. Ɗinkin lemar ma, wace ce a cikinmu ba ta da keke ko maƙwabciya mai keke?

Na huɗu, kuma shi ne babba a wurinmu, ina zai sauka? Balan-balan ba shi da sitiyari, inda iska ta ga dama nan take kai shi, wani lokaci kilomita 30, wani lokaci ya haura 100. Iskar sama kuma ba lalle ta zama irin wadda ke kaɗa mayafinki a tsakar gida ba. Da damina iskar can sama daga gabas take zuwa ta yi yamma, shi ya sa na Damagaram suka nufi teku, shi ya sa kuma hadarinmu yawanci daga gabas yake tasowa. Wanda aka saki a Mada a wannan lokaci, sai a neme shi ta wajen Gusau ko Bunguɗu ko gaba da nan. Da hunturu kuwa ta ƙasa daga arewa maso gabas take busowa, ta can sama ta juya ta yi gabas. Akwai shafi a intanet da ɗaliban Jami'ar Kambirij ta Ingila suka ƙirƙiro, ana sa masa wuri da rana da nauyin kaya, ya zana inda ake sa ran akwatin zai faɗi. Ana duba shi kwana da kwanaki kafin ranar, a sake dubawa da asubar ranar.

To a nan sai mu faɗa wa juna gaskiya. Akwai dazuzzuka a tsakanin Gusau da Tsafe da Bunguɗu da ko namiji ba ya shigarsu da daɗin rai. Idan hasashe ya nuna can akwatin zai sauka, a ɗaga ranar. Idan an saki iska ta sauya ya faɗa can, a bar shi, ya zama sadaka. Babu kyamarar da ta kai ran ɗiyar mutum. Ɗauko akwati aikin manya ne da suka san hanya, ba na 'yan mata ba ne, su nasu su zauna a makaranta suna bin tafiyarsa a kwamfuta. Kuma ba dole sai a Mada za a sake shi ba. Yara na iya haɗa akwatinsu a nan, a ɗauke shi zuwa wata jiha ko wani gari inda hanya ke da lafiya a sake shi a can, hoton da zai ɗauko duk ɗaya ne.

Sai maganar gano inda ya faɗi. Ana sa na'urar GPS mai aiko da saƙo ta layin waya. Amma wayar salula ba ta samun sabis a can sama, sai akwati ya kusa ƙasa take magana, in ya faɗi inda babu sabis kuma shiru kake ji. Mu da aka rufe mana layukan waya gaba ɗaya a Satumbar 2021 mun san ba a dogara da wannan kaɗai. Masu shiri kan sa na'ura biyu, su kuma rubuta a jikin akwatin da Hausa, da boko da ajami, cewa wannan kayan makaranta ne, ba ya cutarwa, ga lambar da za a kira.

Lokaci ma abin dubawa ne. Tsakiyar damina akwai hadari da tsawa, ga dawa ta fi mutum tsawo, akwati ya faɗa cikinta sai dai a yi ta tattake wa mai gona amfani. Tsakiyar hunturu hazo ya rufe ƙasa, hoto ba zai nuna komai ba. Bayan an yi girbi kafin hazo ya yi kauri, da sassafe iska na kwance, a fili mai nisa da wayoyin lantarki da dogayen itatuwa, nan ne ya fi dacewa.

Akwai aikin da ya rataya a wuyanmu mu mata musamman. A halin da ake ciki, idan farin akwati mai igiya da 'yar fitila ya faɗo a bayan gari, wani zai ce bam ne, wani ya ce na leƙen asiri ne, wata ta ce aikin aljannu ne. Kafin ranar, a sanar da hakimi da masu unguwanni da limamai, a faɗa a rediyo, mu kuma mu kai maganar gidan suna da islamiyya da wajen adashi. Tare da haka, kada mu sassauta tarbiyyar da muke ba yara: duk abin da suka tsinta a daji ba su san shi ba, kada su taɓa, su zo su faɗa wa babba.

Wata za ta ce, duk wannan wahala don hoto ɗaya? Ribar ba a hoton take ba, 'yar uwa. Yarinyar da ta auna nauyin kaya, ta yi lissafin iskar da za ta ɗaga shi, ta rubuta wa hukuma wasiƙa, ta tsara kasafin kuɗi, ta gwada abu ya ƙi ta gyara, ta koyi abin da allo kaɗai ba ya koyarwa, ko da a ƙarshe an ce iska ba ta yi kyau ba a fasa. Kuma makaranta ba sai ta yi ita kaɗai ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Gusau wadda ta mata ce zalla, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda. Malami ya je ya nemi shawarar malaman kimiyya na can, mai tambaya ba ya ɓata.

Saboda haka ke mai tambayarmu daga Mada, kada ki kashe wa ɗiyarki gwiwa. Ki ce mata kin yarda, sannan ki je makarantar, ko ki tura mahaifinta, da tambayoyi huɗu: an sami izini, wace iska za a hura, ina ake sa ran zai sauka, wa zai je ɗaukowa. Idan amsoshin sun kwanta miki, ki sa mata albarka. Idan ba su kwanta ba, ki ce a ƙara shiri, sannu ba ta hana zuwa.

A nan za mu dakata. Masu tambaya su ci gaba da aiko mana, ƙofa a buɗe take. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu zaman lafiya a jiharmu da ƙasa baki ɗaya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, ku huta lafiya.